BABI NA HUƊU: Baddala Littafin Zane Zuwa Fim, Nazari a Kan Black Panther (2018)

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar baddalawa da ire-irenta, an kuma kawo taƙaitaccen tarihin littattafan labari cikin zane a Amurka. A wannan babi kuwa za a ɗauki fim ɗin Black Panther, wanda kamfanin Marvel ya fitar a watan Fabrairu 2018 ƙarƙashin umarnin Ryan Coogler, a auna shi da littattafan da aka samo shi daga cikinsu. Za a duba abin da fim ɗin ya ɗauko, da abin da ya sauya, da abin da ya bari, sannan a yanke hukunci a kan ko baddalawar ta yi nasara.

Ma'aunin da za a yi amfani da shi shi ne rabon da Wagner (1975) ya yi wa baddalawa gida uku. Gida na farko shi ne a kwashe labari a zuba shi a fim ba tare da an taɓa shi sosai ba. Na biyu shi ne a riƙe ƙashin bayan labarin amma a sauya wasu sassa da gangan don a faɗi wani abu sabo. Na uku kuwa shi ne a ari ɗan abu kaɗan a gina wani labari dabam a kansa.

4.1 Tushen Labarin

Matsala ta farko da mai nazari zai ci karo da ita ita ce, babu littafi guda da za a ɗauka a ce ga wanda aka mayar fim. Lokacin da Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976, labari ɗaya ne sananne mai farko da ƙarshe. Labarin T'Challa kuwa ya shekara hamsin da biyu ana rubuta shi kafin fim ɗin ya fito, kuma hannuwa da yawa sun taɓa shi.

Stan Lee da Jack Kirby ne suka ƙago tauraron a fitowa ta 52 ta mujallar Fantastic Four a watan Yuli 1966. Sun nuna shi a matsayin sarkin wata ƙagaggiyar ƙasa ta Afirka mai suna Wakanda, wadda ba a taɓa yi wa mulkin mallaka ba, mai arzikin wani ƙarfe da ake kira bibraniyam. Ma'anar sunansa ita ce baƙar damisa. Ya riga jam'iyyar baƙar fata mai irin wannan suna, wadda Huey Newton da Bobby Seale suka kafa a birnin Oakland a watan Oktoba na shekarar, da 'yan watanni. A 1972 ma sai da kamfanin ya ɗan sauya masa suna na wani lokaci don gudun a danganta shi da jam'iyyar.

Bayan waɗannan, marubuta huɗu ne suka fi tasiri a kan fim ɗin. Don McGregor ya rubuta dogon labarin Panther's Rage a mujallar Jungle Action daga fitowa ta 6 zuwa ta 18, wato daga 1973 zuwa 1975, kuma a nan ne Erik Killmonger ya fara bayyana. Christopher Priest ya riƙe labarin daga 1998 zuwa 2003, shi ne ya kawo dogarai mata da ake kira Dora Milaje, tare da Okoye da Nakia da Zuri. Reginald Hudlin ya kawo Shuri, ƙanwar sarki, a 2005. Sai Ta-Nehisi Coates da mai zane Brian Stelfreeze, waɗanda suka fara nasu a 2016. Ke nan abin da Coogler da abokin rubutunsa Joe Robert Cole suka yi tsince-tsince ne daga rumbu mai faɗi, aka haɗa cikin fim na minti 134.

4.2 Zubi da Tsarin Labari

Ƙashin bayan fim ɗin daga McGregor aka samo shi. A Jungle Action, T'Challa ya dawo gida bayan ya daɗe a Amurka, ya tarar Killmonger ya tayar da bore a ƙauyuka. Tun a fitowar farko suka gwabza a bakin wani babban magangarar ruwa, Killmonger ya rinjaye shi ya jefa shi ƙasa. Fim ɗin ya ɗauko wannan fage kusan yadda yake, sai dai ya matsar da shi zuwa tsakiyar labari, ya kuma mayar da shi kokawar neman sarauta a gaban majalisar ƙasa. Wannan ɓangare na biyu daga Priest yake, domin a wurinsa ne Killmonger ya kayar da T'Challa a karawar al'ada har ya sami haƙƙin muƙaminsa.

Dalilin matsar da fagen a fili yake. McGregor yana da fitowa goma sha uku a hannunsa, mai karatu kuma yana jiran makonni tsakanin wata fitowa da wata, don haka yana iya kayar da tauraronsa tun da fari ya sa shi ya yi ta farfaɗowa sannu a hankali, yana fuskantar barorin Killmonger ɗaya bayan ɗaya. Mai kallon fim zama ɗaya zai yi. Dole a fara nuna masa T'Challa yana cin nasara a kan M'Baku a wannan wuri, ya ga ƙa'idar karawar, kafin a maimaita fagen da sakamako dabam. Maimaicin ne ya ba faɗuwar sarkin nauyi. Don haka aka zubar da dukkan barorin nan na McGregor, aka tattara rikicin a kan mutum biyu.

Haka kuma an sauya mutuwar sarki T'Chaka. A littafin 1966 Ulysses Klaw ne ya kashe shi lokacin da ya zo satar bibraniyam, T'Challa yana yaro ya juya makamin Klaw a kansa ya lalata masa hannu. Wannan shi ne mafarin tauraron a littafi, wato ɗa mai neman fansar ubansa a kan baƙon da ya zo kwasar arzikin ƙasa. A finafinan Marvel kuwa, T'Chaka ya mutu ne a harin bam a birnin Biyana cikin Captain America: Civil War (2016), hannun Klaue kuma tun a Avengers: Age of Ultron (2015) aka guntule shi. Coogler ya gaji waɗannan ne, ba shi da ikon warware su. A nan za a ga cewa fim irin wannan yana da iyayengiji biyu da yake yi wa biyayya: littattafan da suka riga shi da kuma finafinan da suka riga shi.

4.3 Taurari

4.3.1 Killmonger

Babban sauyin da aka yi a nan yake. A littafi, sunansa na yanka N'Jadaka, talaka ne ɗan Wakanda. An tilasta wa mahaifinsa yi wa Klaw aiki, bayan haka aka kori iyalin daga ƙasar, yaron ya tashi a unguwar Harlem ta New York da ƙullin gaba ga gidan sarauta. Ba shi da jinin sarauta ko kaɗan. Shi ya sa a labarin Priest, da ya ci ganyen nan mai siffar zuciya da ke ba sarakunan ƙasar ƙarfi, sai ganyen ya zame masa guba ya faɗi a dogon suma.

Fim ɗin ya mayar da shi ɗan N'Jobu, ƙanen sarki T'Chaka, wanda sarkin ya kashe da hannunsa a Oakland a 1992, ya bar yaron maraya a can don a rufe asiri. Da wannan sauyi guda labarin ya tashi daga bore ya koma rikicin cikin gida irin wanda Bahaushe ya sani da 'yan ubanci, inda ɗan sarki da ɗan ƙanen sarki kowa ke ganin yana da gadon karaga. Majalisa ba ta da hujjar hana shi takara, ganyen ma ya karɓe shi. Bugu da ƙari, laifin ya tashi daga kan baƙo ya dawo kan uban tauraro, wanda ya shuka abin da ɗansa ya girba.

Mayar da shi Oakland maimakon Harlem ma ba a banza aka yi ba. Can ne mahaifar Coogler, can ne kuma aka kafa jam'iyyar da kamfanin ya taɓa gudun a haɗa shi da ita. Ta bakin Killmonger, wanda Michael B. Jordan ya fito a matsayinsa, fim ɗin ya yi tambayar da littafin 1966 bai yi ba: ina Wakanda take da ƙarfinta lokacin da ake kwasar bayi, ake kuma raba Afirka? Fagen gidan tarihi na Landan, inda ya tuhumi ma'aikaciyar wurin a kan yadda kayan Afirka suka zo hannunsu, yana tuna wa mai kallo kayan da sojojin Ingila suka kwashe daga birnin Benin a 1897. Babu wannan fage a littattafan.

4.3.2 T'Challa

Idan Killmonger ya ƙaru, T'Challa ya ragu. T'Challan Lee da Kirby shi ne ya gayyaci taurarin Fantastic Four ƙasarsa, ya far musu don ya gwada ƙarfinsa. Na Priest ya fi haka zurfin ciki, mutum ne mai shirya abu tun kafin abokin gaba ya yi tunaninsa, har aka bayyana cewa ya shiga ƙungiyar Avengers ne don ya yi musu leƙen asiri. Kuma shi kansa masanin kimiyya ne mai ƙere-ƙere.

Wanda Chadwick Boseman ya fito a matsayinsa sabon sarki ne mai taushin zuciya, wanda abubuwa ke zo wa ba shiri. An cire masa dabara, an kuma ba Shuri kimiyyar. Akwai hujjar yin haka, domin tauraron da ya riga ya san komai ba shi da abin da zai koya cikin awa biyu, fim kuwa yana son a ga tauraro ya sauya. Sauyin nasa shi ne fagen da ya tsaya gaban kakanninsa a duniyar magabata ya ce musu sun yi kuskure da suka juya wa duniya baya. Duk da haka, wannan bincike yana ganin an yi asara a nan. Mai kallon da bai karanta Priest ba zai fita bai san abin da ya bambanta T'Challa da sauran gwarazan Marvel ba, wato kasancewarsa ɗan siyasa kafin ya zama mayaƙi.

4.3.3 Mata

A wurin Priest, Dora Milaje 'yan mata ne da ake zaɓowa daga ƙabilun da ba sa ga maciji da juna, a kawo su fada a matsayin dogarai kuma matan da sarki zai iya aura, don a kwantar da rikici. Nakia tana cikinsu, son sarki ya rufe mata ido har ta zama muguwa mai laƙabin Malice. Fim ɗin ya yar da batun auren baki ɗaya. Okoye ta zama shugabar runduna mai biyayya ga karaga ko wane ne a kanta, Nakia kuma ta zama 'yar leƙen asiri, kuma ita ce ta fara ba da shawarar Wakanda ta taimaki maƙwabta tun kafin Killmonger ya iso da tasa hanyar ta makami. Ramonda, wadda a littafi matar uba ce 'yar Afirka ta Kudu, ta zama mahaifiyar T'Challa, domin a rage rassan da fim ba shi da lokacin bi.

4.3.4 M'Baku da Ross

M'Baku ya fara fitowa a Avengers ta 62 a 1969 da laƙabin da ke nufin mutum-biri, yana sanye da fatar farin goggon biri. Kiran baƙar fata da irin wannan suna tsohon zagi ne a Amurka, don haka fim ɗin ya jefar da laƙabin, ya mayar da shi shugaban ƙabilar Jabari mai mutunci, wanda mutanensa suka tsamo T'Challa daga ruwa. Wannan gyara ne da ya dace.

Na Everett Ross kuwa akwai magana. A wurin Priest ƙaramin ma'aikaci ne na ma'aikatar harkokin wajen Amurka, matsoraci mai ban dariya, ta bakinsa ake jin labarin, kuma jahilcinsa game da Afirka shi ne abin dariyar. Fim ɗin ya mayar da shi jami'in CIA wanda ya tuƙa jirgi ya taimaka wajen ceton Wakanda. Ga mai kallo ɗan Afirka da ya san rawar da wannan hukuma ta taka a rikicin Kwango zamanin Patrice Lumumba, wanda aka kashe a 1961, wannan zaɓi yana karo da jigon fim ɗin kansa.

4.4 Harshe da Al'ada

Akwai wani abu da ya shafi Hausa kai tsaye. A labarin Priest, Dora Milaje ba sa magana da kowa sai sarki, kuma da Hausa suke yi masa, ko da yake sunan nasu ba kalmomin Hausa ba ne. A fim ɗin babu wannan. Harshen fadar Wakanda ya zama Xhosa na Afirka ta Kudu, wanda ɗan wasa John Kani, mai fitowa a matsayin T'Chaka, ya shigo da shi tun a fim ɗin 2016.

Wannan ya nuna bambancin kafafen biyu. Al'adar littafin zane ita ce a rubuta zance da Ingilishi a sa masa alamar cewa da wani harshe ake yi, sai mai karatu ya yarda. Marubucin ba ya bukatar ya iya harshen. A fim dole kunne ya ji, dole a sami mai furtawa da mai koyarwa. Da aka sami Kani, sai aka bi inda sauƙi yake. Ba za a kira wannan cin amanar littafi ba, tun da Hausar ta Priest ambato ce kawai, amma dai gurbin da Hausa take da shi a labarin ya salwanta.

Abin da Arewacin Nijeriya ya samu a madadin haka shi ne fagen dajin Sambisa a farkon fim, inda T'Challa ya far wa ayarin 'yan bindiga masu ɗauke da matan da aka sace. Kowa ya san ana ishara ne ga sace 'yan matan Chibok a watan Afrilu 2014. Fagen bai wuce 'yan mintoci ba, aikinsa shi ne gabatar da Nakia da nuna ƙarfin tauraro, ba a sake komawa kansa ba. Wato yankin da a littafi harshensa ne na sirrin fada, a fim ya fito a matsayin wurin da ake zuwa ceto.

Ta fuskar sutura da gini kuwa, fim ɗin ya zarce tushensa. Kirby ya zana Wakanda ne da tunanin Ba'amurken 1966, daji da fatun namun dawa a gefe, injuna a gefe. Ruth E. Carter ta ɗauko barguna daga Basotho, zobban wuya daga Ndebele, jan kaya da duwatsun ado daga Masai, hular Ramonda daga Zulu, shigar ƙabilar fatake kuma daga Buzaye. Hannah Beachler ta yi amfani da alamomin Nsibidi na kudu maso gabashin Nijeriya wajen ƙirƙiro rubutun ƙasar. Duwatsun hannu na sadarwa da ake kira Kimoyo daga zanen Stelfreeze aka ɗauko su. Illar wannan haɗe-haɗe ita ce, ya mayar da nahiya guda ƙasa ɗaya, ta yadda wanda bai sani ba zai ɗauka Bazulu da Buzu maƙwabta ne.

4.5 Salon Isar da Saƙo

McCloud (1993) ya nuna cewa ƙarfin littafin zane yana cikin farin filin da ke tsakanin akwatin zane da na gaba, inda mai karatu ke cike motsin da ba a zana ba da tunaninsa. Ban da haka, McGregor ya shahara da dogayen bayanai a gefen zane masu faɗin abin da ke zuciyar tauraro, Priest kuma da labari mai tsalle gaba da baya ta bakin Ross. Fim ba shi da waɗannan, sai ya nemi madadinsu.

Madadi na farko shi ne kiɗa. Ludwig Göransson ya je Senegal ya yi aiki da Baaba Maal, ya ba T'Challa sautin tama, wadda 'yar'uwar kalangu ce, ya ba Killmonger sarewar Fulani haɗe da kiɗan zamani na baƙaƙen Amurka. Da jin sautin, mai kallo ya san wanda ke da iko a fage. Na biyu shi ne fagagen duniyar magabata, waɗanda suka tsaya a gurbin zancen zuci. T'Challa ya ga ubansa a fili mai bishiyoyi, Killmonger kuwa ya tsinci kansa a ɗakin nan na Oakland inda ya tarar da gawar nasa uban. Bambancin wuraren biyu ya faɗi abin da shafuka da yawa za su faɗa. Na uku shi ne kamara, wadda aka fara da ita a kife sannan ta juyo lokacin da Killmonger ke takawa zuwa karaga, alamar al'amura sun birkice.

Inda fim ɗin ya gaza shi ne yaƙin ƙarshe. Rikicin da aka gina a kan hujja da hujja an warware shi da dambe tsakanin siffofi biyu na kwamfuta a kan titin jirgin ƙasa cikin duhu. Kafin nan ma an sa Killmonger ya harbe budurwarsa, ya shaƙe tsohuwar da ke kula da ganyen, ya ƙone lambun, domin mai kallo ya daina tausaya masa. An kayar da mutumin ba tare da an amsa hujjarsa sosai ba, sai dai cibiyar taimako da T'Challa ya buɗe a Oakland da jawabinsa a Majalisar Ɗinkin Duniya.

4.6 Naɗewa

Daga abin da ya gabata, wannan bincike ya sanya Black Panther a gida na biyu na rabon Wagner. Ya riƙe ƙashin bayan McGregor da taurarin Priest da Hudlin, ya sauya su da gangan don ya yi magana a kan dangantakar Afirka da 'ya'yanta da aka kwashe. Ya yi nasara a kan Killmonger da mata da M'Baku da kuma siffar Wakanda. Ya yi rauni a kan T'Challa da Ross da yadda aka rufe rikicin. Karɓuwar da ya samu, wato kuɗin da ya haura dala biliyan 1.3 da lambobin Oscar uku a 2019 na sutura da tsarin fage da kiɗa, ta faɗo ne a ɓangarorin da ya fi nisa da littafin. Wannan yana ƙarfafa ra'ayin Hutcheon (2006) cewa ba a auna baddalawa da yawan biyayya kaɗai. A babi na gaba za a duba fim na biyu, Wakanda Forever (2022), wanda rasuwar Boseman a watan Agusta 2020 ta sa aka ɗora wa Shuri muƙamin da ta riga ta riƙe a littafi tun 2009.